Ta wace ƙofa zan shiga kiɗan jaz na wannan zamani?

"Malam, barka da aiki. Ni ma'aikaci ne a Kaduna, kuma da waƙoƙin Shata da na Fela na taso a gidanmu. Kwanakin baya wani abokin aikina ya tura mini tsofaffin faya-fayan jaz na Miles Davis da John Coltrane. Na ji daɗin wasu, wasu kuwa na rasa kansu da gindinsu. Shin har yanzu ana yin wannan kiɗa, ko ya tafi da mutanensa? Idan ana yi, su wa ya kamata in saurara a cikin masu yin sa yanzu, kuma da wane faifai zan fara? Duk wanda na tambaya sai ya ce mini Kenny G."

Barka kadai, ɗan'uwa, na kuma gode da tambaya. Abu biyu ka tambaya a fili, wato ko jaz yana da rai, da kuma sunayen waɗanda suka cancanci a ba su kunne. Akwai na uku da ka ambata a wucewa, wanda a wurina ya fi sauran nauyi, shi ne dalilin da ya sa wasu faya-fayan suka ɓace maka a tsakiya. Idan ban taɓa wannan ba, sunayen da zan ba ka ba za su yi maka amfani ba, domin za ka kunna su ne ka sake ɓacewa a daidai inda ka ɓace a baya.

Amsar farko gajeriya ce: ana yi, kuma masu yin sa da yawa yanzu matasa ne. Idan na ce "na wannan zamani", ina nufin abin da ya fito daga wajen 2010 zuwa yau. Na shafe shekaru ina gabatar da shirin kiɗa na dare a wani gidan rediyo, ina kuma koya wa yara fiyano a ƙarshen mako, don haka yawancin abin da zan faɗa maka na gwada shi ne a kunnuwan mutanen da ba su taɓa jin jaz ba. Game da Kenny G kuwa, ba ni da abin zargi a kansa. Ya iya busa, kuma kiɗansa ne ya cika otal-otal da wuraren liyafa a ƙasar nan tun shekarun 1990, har sunansa ya zama tamkar sunan jaz ɗin. Sai dai an tsara kiɗansa ne don ya kwanta a bayan hirar mutane, alhali waɗanda zan ambata maka kiɗansu shi kansa hira ne, kuma yana son a yi masa shiru.

Gindi da ɗiya

Wanda ya taso da Shata yana riƙe da rabin mabuɗin jaz ba tare da ya sani ba. A waƙar baka akwai gindi, wanda 'yan amshi ke maimaitawa, akwai kuma ɗiyan waƙa da mawaƙi ke kawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma an san Shata da ƙirƙirar ɗiya nan take a fagen wasa gwargwadon wanda ya gani a gabansa. Haka ginin jaz na asali yake. Makaɗa sukan fara da karin da aka tsara tun a gida, su buga shi sau ɗaya ko sau biyu, shi ne gindinsu. Daga nan mai saksofon ya karɓa ya yi ta ƙirƙira, ya miƙa wa mai ƙaho, shi kuma ya miƙa wa mai fiyano, alhali mai bes da mai ganga suna ta zagaya hanya ɗaya a ƙarƙashinsu, galibi mai tsawon gaɓa 12 ko 32. Idan kowa ya faɗi tasa, sai a koma gindi a rufe.

Inda aka rabu shi ne, 'yan amshin Shata suna dawo maka da gindi bayan kowane ɗa, don haka ba ka da damar ɓacewa. A jaz kuwa gindin yakan nutse na minti biyar ko goma, kuma ana sa ran kai mai sauraro ne za ka riƙe shi a kanka. Ina kyautata zaton nan ne ka rasa hanya. Idan kuma abokinka ya haɗa maka da ayyukan Coltrane na bayan 1965, to laifin ba naka ba ne, domin a lokacin shi kansa ya fara sakin wannan zagaye gaba ɗaya. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su riƙa rera gindin a hankali cikin maƙogwaro yayin da mai busa ke yawonsa. A karo na biyu ko na uku sai ka ga yaro ya ɗago kai da mamaki, domin ya gano cewa mai busar bai taɓa barin hanya ba, kewaya ta kawai yake yi.

Ƙofar ganga

Tunda kunnenka ya san Fela, ba na ganin dalilin da zai sa ka zagaya ta Amurka kafin ka shiga. Ka fara da Tony Allen, wanda ya riƙe wa Fela ganga har zuwa ƙarshen shekarun 1970. An haife shi a Legas a 1940, kuma tun yana matashi faya-fayan makaɗan gangar jaz na Amurka Art Blakey da Max Roach yake saurare yana koyo, wato jaz yana cikin tushen afrobit tun farko. A 2017, shekara uku kafin rasuwarsa a Faris, kamfanin Blue Note ya fitar masa da ɗan gajeren faifai na girmama Blakey, sannan da cikakken faifai mai suna The Source. Wannan na biyun shi ne nake fara ba duk wanda ya zo mini da irin tambayarka. Karin da masu busa ke kawowa a bayyane yake, gindin ba ya nisa, ganga kuwa ba ta barin ka ka ɓata. Ka lura da ƙafarsa ta hagu a kan faranta biyun ƙarfe da ke buɗewa suna rufewa, da yadda yake taɓa ƙaramar ganga a hankali kamar mai tsoron tashin jariri. Na taɓa kunna wa wani dattijo makaɗin kalangu wannan faifai a zaurensa. Ya yi shiru yana buga yatsu a gwiwa har aka ci rabin waƙa ta biyu, sannan ya ce wannan mutum ba ya rige kowa, kuma ba wanda ya isa ya rige shi. Ban taɓa jin bayanin kiɗan Allen da ya fi wannan ba. Idan ya karɓe ka, ka bi shi da Rejoice, wanda suka ɗauka da Hugh Masekela na Afirka ta Kudu a 2010, amma bai fito ba sai 2020, bayan rasuwar Masekela.

Daga Allen hanya miƙaƙƙiya ce zuwa Landan, inda a ganina jaz ya fi motsi a shekaru goman da suka wuce. Akwai dalili a bayan haka. A 1991 mai kiɗan bes Gary Crosby da Janine Irons suka kafa wata ƙungiyar horar da matasa mai suna Tomorrow's Warriors, wadda ke koyar da jaz kyauta, tana ba da fifiko ga 'ya'yan baƙar fata da 'yan mata. Yaran da suka ratsa ta cikinta 'ya'yan 'yan Najeriya ne da Gana da tsibiran Karebiyan, waɗanda suka taso da afrobit da hailaif da rege da kiɗan coci a gida, suka je suka koyi jaz a kan ƙa'ida, sannan suka ƙi ajiye na gida a bakin ƙofa. Abin da ya fito daga wannan haɗuwa jaz ne da ake rawa da shi a tsaye.

Mafi sauƙin shiga a cikinsu su ne Ezra Collective, mutum biyar ƙarƙashin jagorancin makaɗin ganga Femi Koleoso, wanda ƙanensa TJ ke riƙe da bes, kuma Femi ya yi karatu a hannun Tony Allen kansa. Faifansu Where I'm Meant to Be na 2022 ya ci kyautar Mercury ta Birtaniya a 2023, karo na farko da masu jaz suka ci ta tun da aka fara bayar da ita a 1992. Zan faɗi ra'ayina a fili: ba su ne suka fi zurfi ba, kuma wasu waƙoƙinsu an yi su ne don dandali fiye da ɗaki. Amma a duk shekarun da na yi a rediyo, ba kasafai na sa wani abu na jaz da ya jawo kiran waya irin nasu ba.

Wanda na fi so a wannan reshe shi ne Your Queen Is a Reptile na ƙungiyar Sons of Kemet, wanda ya fito a 2018 a kamfanin Impulse!, kamfanin da ya fitar da manyan ayyukan Coltrane. Tsarin ƙungiyar baƙo ne: makaɗan ganga biyu, da saksofon na Shabaka Hutchings, da wani babban ƙahon tagulla mai zurfin murya da ake kira tuba a hannun Theon Cross. Babu fiyano, babu jita, babu bes. Ƙahon nan shi ke ɗauke da nauyin ƙasa gaba ɗaya, kuma idan ka saurara da kyau za ka ji numfashin mai busa shi tsakanin sauti da sauti. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan sallah ya ji algaita da kakaki da tambura suna tafiya tare, wannan haɗi na iska da fata ba zai zama masa baƙo ba. Kowace waƙa a faifan an sa mata sunan wata baƙar mace, ciki har da Yaa Asantewaa, wadda ta jagoranci yaƙin Asante da Turawan Ingila a 1900, da Harriet Tubman, da Albertina Sisulu. Ƙungiyar ta watse a 2022. A Landan ɗin dai, ka nemi Source na Nubya Garcia da ya fito a 2020, da kuma ƙungiyar Kokoroko idan kana son abu mai sanyi da ƙamshin hailaif.

Amurka

A can gida inda aka haifi jaz, babban abin da ya faru a wannan zamani shi ne sulhu tsakaninsa da hip-hop. Mai fiyano Robert Glasper, ɗan Houston, ya fitar da Black Radio a 2012 tare da mawaƙa irin su Erykah Badu da Lalah Hathaway, kuma abin lura shi ne kyautar Grammy da faifan ya ci a 2013 ta ɓangaren R&B ce, ba ta jaz ba, abin da ke nuna maka yadda iyakar ta dushe. Ka saurari gangar Chris Dave a ciki. Da gangan yake jinkirta bugu kaɗan, kamar mai tafiya yana jan ƙafa, salon da aka koya daga mai haɗa kiɗan hip-hop J Dilla, wanda ya yi shi da na'ura, su kuma suka mayar da shi hannu.

Sunan da za ka fi cin karo da shi shi ne mai saksofon Kamasi Washington na Los Anjalis, wanda ya yi aiki a faifan mawaƙin rap Kendrick Lamar na 2015, a shekarar kuma ya fitar da nasa mai suna The Epic. Kowa zai ce maka da shi za ka fara, ni kuwa ina cewa ka dakata. Waƙoƙi 17 ne da suka kusa cika awa uku, da makaɗan ganga biyu, da masu bes biyu, da masu goge, da ayarin mawaƙa, kuma sabon shiga yakan gaji kafin ya gama kashi na farko, ban da kuɗin data. Ka fara da Harmony of Difference na 2017, wanda bai fi rabin awa da kaɗan ba. Gajerun waƙoƙi biyar ne, kowace da karinta, sannan ta shida ta tattaro su duka ta ɗora su a kan juna. Darasi ne a kan riƙe gindi wanda ya fi duk bayanin da na yi maka a sama.

Makaya McCraven na Shikago makaɗin ganga ne da ke aiki ta wata hanya daban. Faifansa In the Moment na 2015 ya fito ne daga kimanin awa 48 na kiɗan da aka ƙirƙira nan take a gaban jama'a, ya kai shi kwamfuta ya yayyanka ya sake ɗinkewa. Masu tsattsauran ra'ayi suna ganin wannan ya saɓa wa ruhin jaz. Ni ban yarda da su ba, domin an daɗe ana yanka tef ana haɗawa, har a faya-fayan Miles Davis na wajen 1970. Amma In These Times na 2022 shi ne zan ba ka, saboda ya ɗauki awo masu wuyar ƙirga, na biyar da na bakwai, ya sa su suna tafiya lami lafiya har ba ka lura.

Sai Ambrose Akinmusire, mai busa tirampet da aka haifa a Oakland a 1982, mahaifinsa ɗan Najeriya. A wurina babu mai busa ƙaho a wannan zamani da ya kai shi sarrafa sauti, yana iya sa ƙarfe ya yi nishi ko ya yi raɗa. Kiɗansa ba na ranar farko ba ne. Ka ajiye shi sai ka yi wata biyu ko uku a cikin sauran, sannan ka nemi Owl Song na 2023, inda su uku ne kawai, shi da mai jita Bill Frisell da mai ganga Herlin Riley, kuma shirun da ke tsakanin sautuka ya kusa kai sautukan yawa.

Idan murya ce ta fi jan ka, Cécile McLorin Salvant ce kan gaba ba tare da jayayya ba a wurina. The Window na 2018 ita ce da mai fiyano Sullivan Fortner kusan daga farko har ƙarshe, kuma shi ne na uku a jere da ya ci mata Grammy. Samara Joy, wadda aka haifa a 1999, tana rera tsofaffin waƙoƙi da murya mai kauri a Linger Awhile na 2022, Gregory Porter kuma yana da Liquid Spirit na 2013 ga mai son abin da zai bi da tafi.

Na tsakar dare

Akwai faya-fayai biyu da nake ajiyewa sai ƙarshen shiri, lokacin da gari ya yi tsit. Na farko shi ne Blue Maqams na 2017, na Anouar Brahem ɗan Tunisiya, mai kaɗa garayar Larabawa da ake kira ud, tare da Dave Holland a bes, da Jack DeJohnette a ganga, da Django Bates a fiyano. Holland da DeJohnette duka sun yi aiki da Miles Davis, don haka kana da zare da zai haɗa maka shi da faya-fayan abokinka. Kunnen da ya saba da karin Larabawa zai sami wurin zama a nan da wuri. Na biyu shi ne Promises na 2021, wanda ya haɗa mai kiɗan na'ura Floating Points, da ƙungiyar makaɗan London Symphony Orchestra, da dattijo Pharoah Sanders, wanda ya yi busa tare da Coltrane a shekarunsa na ƙarshe. Minti 46 ne a kan ɗan gajeren kari ɗaya da ke ta dawowa, kuma a nan gindin ba ya nutsewa ko kaɗan. Sanders ya rasu a shekarar da ta biyo baya yana da shekara 81. Ga mai son fiyano mai nauyi daga nahiyarmu, akwai Nduduzo Makhathini, ɗan Afirka ta Kudu na farko da Blue Note ta ɗauka, da faifansa In the Spirit of Ntu na 2022, wanda ya ginu a kan waƙoƙi da al'adun Zulu.

Shabaka Hutchings da na ambata ya ajiye saksofon a ƙarshen 2023 ya koma busa sarewa iri-iri, kuma faifansa na 2024, Perceive Its Beauty, Acknowledge Its Grace, a wannan sahu na dare yake. Duk lokacin da na sa shi nakan tuna cewa wani ya riga shi bin wannan hanya, kuma ta Zariya ya bi. Yusef Lateef, babban mai busa na Amurka, ya zauna a Jami'ar Ahmadu Bello daga 1981 zuwa 1985 yana bincike a cibiyar nazarin al'adun Najeriya, inda ya yi nazari a kan sarewar Fulani, ya kuma ɗauki faifai mai suna In Nigeria tare da makaɗan ƙasar nan. Faifan tsoho ne a kan ma'aunin shekarun da na sa, amma daga Kaduna zuwa inda ya zauna tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintuna, kuma bai kamata ka rasa sanin haka ba.

Yadda za ka bi su

Kada ka sauke su duka a rana ɗaya. Ka ɗauki faifai ɗaya a mako, ka ji shi daga farko har ƙarshe aƙalla sau uku: karo na farko ka bar shi ya wuce kawai, na biyu ka bi ganga da bes ka manta da sauran, na uku ka riƙe gindi a maƙogwaro ka bi mai busa. Kada kuma ka yi hukunci da lasifikar waya, domin ba ta iya fitar da sautin ƙasa. Wani ɗalibina ya taɓa dawo mini da ƙorafin cewa Sons of Kemet hayaniyar ganga ce zalla, da na sa masa abin kunne sai ya tambaye ni ko wani faifan ne daban, saboda sai a lokacin ya ji babban ƙahon da ke riƙe da komai. Abin kunne mai matsakaicin kuɗi ya isa. Ka kuma sani cewa a faya-fayan da ke da masu rap akan sami kalmomin da ba za ka so yara su ji ba, don haka ka fara ji kai kaɗai kafin ka sa a mota da iyali.

Wannan zaɓi nawa ne, kuma yana da karkata. Kunnena ya fi son ganga da busa, shi ya sa na tsallake manyan ƙungiyoyi irin ta Maria Schneider, na kuma wuce masu fiyano irin su Vijay Iyer da Brad Mehldau, waɗanda wani masanin zai sa su a sahun farko, kuma ba zan ce ya yi kuskure ba. Yawancin waɗannan makaɗa ta faifai da bidiyo na san su, alhali jaz abu ne da ke sauya kama a gaban jama'a, har waƙa ɗaya ta fito da fuska biyu a dare biyu. Kowa da kiwon da ya karɓe shi, kuma mai yiwuwa wanda na ce ka jinkirta shi ne zai fara kama ka.

Ga tsarin da zan ba ka na wata guda: makon farko The Source, na biyu Where I'm Meant to Be, na uku Harmony of Difference, na huɗu Your Queen Is a Reptile. Bayan haka ka koma kan faifan Coltrane ɗin da ya ɓace maka, ka sa abin kunne, ka bi mai bes daga farko har ƙarshe. Idan ka gama ka rubuto mini sunan faifan da daidai mintin da ka rasa hanya, in har ka sake rasawa, sai mu duba wurin tare.